Mutumin da Ke Gindin Bishiya

Torben Lüdtke yana kwance rigingine a kan busasshen ganye, hular kwanonsa ta tsage, jar igiyarsa ta zubo masa a jiki kamar an juye ta daga buhu. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon reshen da ya faɗo daga kai. Sufeto Wiebke Carstens ta bi kallon nasa zuwa sama, can inda ganye ya toshe haske. Ta maido idonta ƙasa da sauri.

Duk wanda ya tashi a garin Eutin ya san wannan bishiya. Tsohuwa ake ce mata. 'Yan ƙungiyar hawan bishiya na garin, masu hawa don nishaɗi a ranakun hutu, da ita suke alfahari, Torben kuma shi ne babban malaminsu.

"Wuya ne ya karye," in ji likita, yana tattara kayansa. "Bai sha wahala ba."

Abokin aikin Wiebke, Hauke Dierks, ya kira ta gindin bishiyar. An zagaye gindin da wani faffaɗan maɗauri, an maƙala masa ƙugiyar ƙarfe, a jikin ƙugiyar kuma akwai wani ɗan ƙarfe mai hannu. Babu igiya a cikinsa.

"Wanda ya same shi ga shi can," in ji Hauke. "Malte Riepen. Shi ma yana koyar da hawa a ƙungiyar."

Malte yana zaune a kan wani kututture, an yafa masa bargo. Dogo ne mai furfura a gemu. Hauke ya ba shi kofi, ya riƙe kofin da hannun hagu, bai cire safar hannunsa ba. Safiyar da sanyi, kowa ma da tasa.

"Herr Riepen, kai ka same shi?"

"Ni ne. Mun yi da shi za mu hau tare. Motata ta ƙi tashi, na makara. Da na iso sai na tarar da shi haka."

"Shi kaɗai ya hau ke nan."

"Shi kaɗai. Torben ba ya jiran mutum."

Ta nuna ɗan ƙarfen da ke gindin bishiyar. "Wannan fa?"

"Birki ne. Igiya tana tashi daga jikin mai hawa, ta haye reshe, ta sauko nan ta shiga birki, sai a ƙulle ta. In ba a ƙulle ba, nauyin mutum zai zuƙe ta."

"In bai ƙulle ba, ta yaya ya kai sama?"

"Birkin yana ɗan riƙewa da kansa. Jijjiga kaɗan sai ya saki." Ya sunkuyar da kai. "Ban so in faɗa ba. Kwanan nan hankalinsa ba ya jikinsa. Matarsa Silke ta bar gidan."

"Akwai wanda ke da matsala da shi?"

"Brodersen, mai kula da daji. Ya sha cewa zai yanke mana igiya."

Wiebke ta durƙusa ta bi igiyar da hannu tun daga jikin mamacin har wutsiyarta. Ba a yanke ta ba, ba ta tsinke ba. Amma kusa da ƙarshe ta lanƙwashe a wuri biyu, ta ƙi miƙewa. A saman lanƙwasar kuma akwai wani tsiri da ya yi sheƙi ya taurare, kamar robar da ta taɓa wuta, da ɗan tabo mai launin ƙasa. Ta sa aka ɗauki hoto, aka saka wutsiyar cikin leda.

Ba su nemi Eggert Brodersen ba, shi ya zo da kansa, karensa na biye. Ya tsaya bayan igiyar 'yan sanda, ya cire hula ya dubi gawar, ya mayar da hular.

"An ce ka yi alkawarin yanke musu igiya," in ji Wiebke.

"Na faɗa, a mashaya, gaban kowa. Birai masu hular kwano. Manyan mutane da 'ya'ya a gida, sun zo suna goge wa bishiya ɓawo. An yanke ta ne?"

"A'a."

"To kin gani. Ni da wuƙa nake yawo, Frau Carstens, ba ni da haƙurin kwance ƙulli." Ya miƙo mata hannuwansa. Sanyin ƙashi ya kumbura yatsun ya karkace su. "Maɓallin rigata ma matata ke saka mini."

"Ina kake da safen nan?"

"Hayin tafki, da masu sare itace. Tun asuba suke cin burodina suna zagina. Ki tambaye su."

Hauke ya fita bakin hanya inda waya ke samun layi, ya dawo ya gyaɗa mata kai, masu sare itacen sun gaskata Brodersen. Maƙwabcin Malte ma ya tabbatar ya taimaka masa tada mota, sai dai bai duba agogo ba.

Silke Lüdtke tana aiki a gidan burodin da ke kusa da kasuwa. Labari ya riga su zuwa. Suka same ta a ɗakin baya, zaune kan buhun fulawa, idanunta a bushe. Mai gidan burodin ya ce tun kafin gari ya waye take bayan kanta, rabin garin daga hannunta suka sayi burodin karin kumallo.

"Me ya raba ki da mijinki?" in ji Wiebke.

"Bishiya. Na ce ya daina, ya ce in ya daina ya mutu." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta katse ta.

Wiebke ta ajiye ledar a gabanta. "Kin san igiya?"

"A kan reshe muka haɗu da shi." Silke ta juya ledar a hankali. Ta ɗora yatsa a lanƙwasa ta farko. "Nan ƙullin da ke kulle birki ya zauna. Nan kuma ƙullin ƙarshe, mai hana igiya zarcewa. Igiya ba ta lanƙwashewa haka sai an ɗaure ta tamau, kuma ba ta daɗe da kwancewa ba." Ta ɗago kai. "Wa ya ce muku ya manta?"

"Bai manta ba ke nan?"

"Torben? Tun abin da ya sami yarinyar nan bara, sai ya duba ƙulli ya sake dubawa har ka gaji. Ya ƙulla. Wani ne ya kwance." A nan ta kife fuskarta cikin rigar aikinta. Ba su ƙara samun wata magana daga bakinta ba.

A mota Wiebke ta ce, "Wace yarinya?"

"Imke Voss," in ji Hauke. "Kina aiki a Lübeck lokacin. Tana cikin ajin yara na ƙungiyar. Reshe ya karye da ita, tana keken guragu yanzu. Bincike ya ce ruɓewa ce ta ciki, ba a iya gani daga ƙasa. Aka rufe ajin."

"Nemo mini iyayenta."

"Zan nema. Ina muka nufa?"

"Daji. Ina son ganin reshen."

Hadari ya fara haɗuwa ta yamma. Masu kashe gobara da ke da kayan hawa sun ce sai gobe za su iya zuwa, ruwa kuwa zai wanke duk abin da ke jikin ɓawon kafin goben. Hauke ya dube ta ta gefen ido.

"Ke da ko tsani ba kya hawa? Ni nake canja miki ƙwan fitila a ofis."

"Kai kuma ɗamarar ba za ta zagaye tumbinka ba. Kira Herr Riepen."

Malte bai yi gardama ba. Ya zo da kaya daga motarsa. Ya cilla 'yar jakar dalma mai siririn zare da hannun dama yana cije baki, ta haye wani reshe kusa da na Torben a jifa na farko, ya ja igiya ta bi zaren ta sauko. Ya ɗaura mata ɗamara a ƙugu da cinyoyi, ya nuna mata yadda za ta taka madaukin ƙafa ta tura ƙarfen hannu sama. Ya maƙala mata wata gajeriyar igiya a gefe.

"Wannan in kin kai, ki zagaya ta a jikin bishiya ki maƙale, ki samu hannu biyu na aiki."

Ta ƙi kallon sama. Malte ya lura tana tsoro, muryarsa ta yi laushi irin ta wanda ya saba lallashin sababbin ɗalibai.

"Kada ki ji tsoro. Ɗauri iri biyu ne. In mutum shi kaɗai ne, a sama yake shaƙe reshe da igiya, don birki a gindi ba ya amfanar kowa in babu mai riƙe shi. Ke kuwa ina nan ƙasa. In kika kasa, daga nan zan sauko da ke a hankali, kamar jaririya."

Ta gyaɗa kai. Ba ta ji rabin abin da ya ce ba.

Ta fara hawa. Igiyar tana juya ta, ƙafafunta na neman ƙasa ba sa samu. Ta kafa idonta a ɓawon bishiyar, fari-fari mai santsi, ta ƙi kallon ko'ina. Taka, tura. Taka, tura. Tana tsakiyar hanya ta ji Hauke daga ƙasa yana cewa saƙo ya shigo masa rabi, bari ya je bakin hanya ya kira. Ta so ta ce ya tsaya. Kunya ta hana ta.

Ta kai gwafar da reshen Torben ya fito daga jikin bishiyar. Reshen lafiya lau yake, babu sara, babu ruɓa. A cikin gwafar, igiya ta ci gansakuka ta bar layi ɗaya mai zurfi, gefensa ya yi baƙi-baƙi. Ta ciro waya ta ɗauki hoto. Iska ta taso, bishiyar gaba ɗaya ta yi wani nishi ta karkata da ita, ta dawo.

A nan maganar Malte ta iso mata, kalma bayan kalma.

In mutum shi kaɗai ne, a sama yake ɗaurewa.

Torben a gindi ya ɗaure. Ya sa birki. Mutumin da ke duba ƙulli ya sake dubawa ba zai sa birkin da babu mai riƙe shi ba. Akwai mutum a ƙasa lokacin da ya hau, wanda ya san birki, wanda ya yarda da shi har ya danƙa masa ransa.

Ta kalli ƙasa, karo na farko.

Komai ya ƙanƙance. Hauke ba ya nan. Malte yana tsaye a gindin bishiyar, jikinsa jingine da maɗaurin, kansa ɗage yana kallonta. Ya cire safar hannu don ya ji daɗin riƙe igiya. Tafin hannunsa na dama fari ne fat. Bandeji ne.

Fitsari ya matse ta. Igiyar da ke ɗauke da ita ta haye reshe ta sauka kai tsaye zuwa ƙarƙashin wannan farin hannu.

Ta laluba gefenta ta kamo gajeriyar igiya. Ta wurga ta bayan bishiyar, ta dawo mata fanko, ta bugi haɓarta. Ta sake wurgawa, ƙugiyar ta maƙale a wani ɗan tsiro.

"Lafiya, Frau Carstens?" Muryarsa ta taso a natse.

"Lafiya. Zan maƙale ne, kamar yadda ka ce."

Ta rungumi bishiyar da hannu ɗaya, kuncinta manne da ɓawo mai sanyi, ta miƙa ɗayan hannun har kafaɗarta ta yi ƙara. Ta taɓo ƙugiyar da kan yatsa, ta jawo ta, ta maƙala a zoben ɗamara. Ta ji ƙas. Ta ja da ƙarfi, ƙugiyar ta riƙe. Ta jingina goshinta da bishiyar.

"Herr Riepen, me ya sami hannunka?"

Iska ta kaɗa ganye.

"Murhu ne," ya ce.

"Igiyar Torben ta ƙone kusa da wutsiya, akwai tabo a wurin. Likitoci za su gaya mini fatar wa ce. Kana so mu jira su?"

Ta ga farin hannun ya matsa ya sauka kan birkin. Igiyar da ke samanta ta ɗan yi rawa. Ta ƙanƙame gajeriyar igiyar da hannu biyu. Ta san ta maƙale, amma jikinta bai yarda ba.

"Kin sa gajeriyar?" ya tambaya.

"Na sa."

"Kin kyauta. Ɗalibai da yawa mantawa suke." Sannan ya ce, "An gaya miki labarin Imke?"

"Imke Voss."

"Sunan uwarta take amsawa. 'Yata ce."

Wiebke ta rufe ido.

"Shi ya zaɓi reshen," in ji Malte. Ba ya ɗaga murya, amma dajin ya yi tsit, tana jin komai. "In ka ɗaure a gindi, reshe nauyi biyu yake ɗauka, na mai hawa da na igiyar da ta sauko. Ya sani, shi ya koya mini. Na ce reshen bai kwanta mini ba, ya ce ai yarinya ce, ba ta da nauyi. Na yi shiru. Ni na riƙe mata birki ranar."

"Amma ka ci gaba da hawa da shi."

"Na ɗauka na yafe. Wallahi na ɗauka na yafe. Yau da safe yana can inda kike, yana dariya. Ya ce, Malte, albishirinka, za a sake buɗe mana ajin yara. Ya ce in kawo Imke ta zo ta yi kallo." Ya maimaita. "Ta yi kallo."

"Sai ka kwance."

"So nake ya ji abin da ta ji. Ya faɗo kaɗan, in tare shi. Na kwance ƙulli biyun, na buɗe birki. Na sha tare manyan mutane da hannun nan. Amma na cire safa don kwance ƙulli. Igiyar ta ci hannuna, na riƙe, na riƙe, sai na ga hannuna a buɗe."

"Ƙullin ƙarshe fa? Wanda ke son tsorata mutum ba ya kwance wannan, Herr Riepen."

Ya dubi farin hannunsa.

"Shi nake ta tambayar kaina tun safe," ya ce.

Can ta hango Hauke a guje tsakanin bishiyoyi, yana haki, wayarsa a hannu. Ya sami sunan uban yarinyar. Ya tsaya turus da ya ga inda hannun Malte yake, ya kai nasa hannun ga ƙugu, inda bindigarsa take.

"Matsa daga nan, Riepen. A hankali."

"Bari in ƙara ƙulli ɗaya tukuna," in ji Malte. "Kai ba ka san kan abin ba, kada ka taɓa." Ya sunkuya ya ƙulla, Hauke na tsaye a kansa. Ya ja da baya ya miƙa hannuwansa biyu.

Saukowar ta fi hawan wuya. Hauke bai san komai game da igiya ba, ruwa ya fara ɗigowa, babu wanda zai ce mata yi kaza sai mutumin da ke zaune kan kututture da ankwa a hannu. Ya ce ta ɗora nauyinta kan doguwar igiya. Ta ɗora. Ya ce yanzu ta cire gajeriyar. Ta kalli ƙugiyar, hannunta ya ƙi.

"Ƙullin yana nan, Frau Carstens," ya ce. "Abokinki yana kallonsa."

"Yana nan, Wiebke," in ji Hauke. "Ban san me nake kallo ba, amma yana nan."

Ta cire. Igiyar ta riƙe ta. Ta sauko kaɗan-kaɗan, Malte na cewa sassauta, tsaya, sassauta. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta zauna daɓas cikin jiƙaƙƙen ganye.

Bayan motar sintiri ta tafi da Malte, Hauke ya kunna mata hita ya miƙa mata sauran kofi.

"Ni sai da na ji sunan uban na gane," ya ce. "Ke me ya nuna miki?"

"Igiyar ta ce an ƙulla an kwance, wato kisa ne, ba mantuwa ba. Mai kwancewa dole ya san birki, ya kuma sami yatsu masu ƙarfi. Brodersen ya fita. Silke ta san birki, amma tana bayan kanta. Ƙunar igiya ta ce wani ya yi ƙoƙarin riƙe ta tana gudu, don haka akwai mai ciwo a hannu. Malte da hagu ya sha kofi, jifa kuwa da dama ya yi, yana cije baki. Na gani, ban haɗa ba."

"Sai me?"

"Sai ya koya mini ɗauri. Ya ce mana Torben shi kaɗai ya hau, da bakinsa kuma ya ce mai hawa shi kaɗai ba ya sa birki a gindi. Ya ga ina tsoro, malantarsa ta motsa, ya manta ƙaryarsa."

Hauke ya tada mota. "Ofis?"

"Gidan Malte. Kada iyalinsa su ji a bakin maƙwabta."

Gidan yana bayan tashar jirgi, an shimfiɗa sabon katako a kan matakalar ƙofa don keken guragu. Wiebke ta danna ƙararrawa. Ta ji ƙarar taya a kan daɓen katako, aka yi ta kokawa da mariƙin ƙofa, sannan ta buɗe. Yarinya ce mai kitso biyu, da fensir a bayan kunne. Ta dubi Wiebke daga ƙasa zuwa sama, ta ga gansakuka a gwiwar wandonta da ƙurjewa a kumatunta, fuskarta ta washe.

"Bishiya kika hau," ta ce. "Babana ne ya riƙe miki igiya?"

"Shi ne," in ji Wiebke. "Mamarki tana ciki?"